Mayen ƙarfe ko maganaɗisu: abin da ya faru a zauren 'yan ajinmu na Birnin Kebbi

Injiniya: Jiya na kawo magana mai amfani, ko mutum guda bai tanka ba, amma hoton ɗaurin aure kowa ya yi ca a kai. To na sake faɗi, zamanin roka ya kusa ƙarewa. Kusan kashi 90 na nauyinta mai ne, mai take ƙonawa don ta ɗauki mai. Mayen ƙarfe zai ɗaga kumbo bisa dogo, ya tura shi cikin bututun da anka zuƙe iskarsa, ya cilla shi sama da lantarki. Jirgin ƙasan Shanghai tun 2004 da mayen ƙarfe yake gudu, ba ya taɓa dogo.

Malam na Jega: Maye kuma? A'uzubillahi. Mai ilimi maganaɗisu yake cewa.

Injiniya: Allah gafarta Malam, mayen ƙarfe munka tashi muna ji. Shi muke cirowa daga lalatacciyar rediyo muna jan ƙusa cikin rairayi.

Malam na Jega: Wasan yara daban, zauren manya daban. Maganaɗisu daga Larabci take.

Bakabe: Larabawan ma wurin Girkawa sunka aro ta. Ku mutanen Gwandu komai sai kun naɗa masa rawani.

Malam na Jega: Masunci ya shigo, zance ya koma ƙarnin kifi.

Ticha: Don Allah ku saurara. Kumbo na buƙatar gudun kusan kilomita 28,000 a awa kafin ya zauna a falaki. Jirgin ƙasan maganaɗisu na Japan da ya kafa tarihi a 2015, kilomita 603 a awa ya yi. In mutum ne a cikin kumbon, dogon sai ya kai wajen kilomita 1,000, in ba haka ba fizgar ta yi masa illa. Kuma da ya leƙo bakin bututun, iska za ta tare shi kamar bango.

Bakabe: Ticha bari lissafi. Malam ya janye kalmar masunci tukuna.

Hajiya Uwar Biyu: Lantarki nij ji an ce? Kwana uku firjina kashe, ƙanƙarar zoɓo saye nike, ga wayar lantarki ta bi ta kanmu ta nufi Yamai. Da wace wuta za ku harba kumbon?

Injiniya: Hajiya, ban ce a Kebbi za a yi ba. Ko tauraron ɗan Adam ɗinmu NigComSat na 2007 daga Sin anka harba shi.

Bakabe: Ai shi ya sa bai cika shekara biyu ba.

Malam na Jega: Har yanzu dai ba a goge maye ba.

Admin: Na rufe zancen. Taƙaitawa: an tabbatar maganaɗisu ne daidai, kamar yadda Malam, wanda ya karantar da ni Larabci, ya bayyana. Bakabe ya kawo ɓangaranci, an gargaɗe shi. Ticha ya turo wasu lambobi. Injiniya, gobe kar a manta da kuɗin gudummawar bikin.