Waɗanda suka ɗaura wa babur ƙarafunan kariya, ya kuka ƙare?

Mai Ténéré:
Salam ƴan uwa. Na sayi ƙarfen gefe na kare injin da farantin da ke kare ƙasan injin zan sa wa Ténéré 700 ɗina, to jiya tun la'asar nake fama har magariba ramin noti na ƙarshe ya ƙi haɗuwa, ko santimita ɗaya bai kai ba amma ya ƙi. Kafin in ɗauko guduma na ce bari in ji ta bakinku.

Ɗan GS:
Oga ajiye gudumar nan don Allah. Na san ka ɗaure na farkon tamau ne. Sassauta su duka, ka zura kowane noti da hannu zagaye biyu uku, sai duk sun shiga sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wasu notocin ma na injin ne kake cirewa, to ka sa jak a ƙasa ya tallafe shi, in ba haka ba injin ya ɗan zauna ramukan su goce. Ni R1250GS gare ni, kawunan silinda a waje suke kamar kunnuwa, faɗuwata ta farko a tsaye ma nake, ƙafa ce ta zame a kan tsakuwa, ƙarfen ya kwashi ƙarcen injin ko ƙwarzane babu.

Tsohon mahayi:
Gaskiya ne, amma a kula da inda ake kafa farantin. Nawa na farko kai tsaye a jikin injin aka ɗaure shi ba roba a tsakani, na daki dutse, farantin garau amma bugun ya wuce ya tsaga kaskon baƙin mai, ina kallo mai na ɗiga a ƙasa ni kaɗai a daji. Yanzu na alminiyam mai kaurin milimita 4 nake amfani da shi, a jikin firem yake. Kuma ka duba ko yana da ramin juye baƙin mai, in babu duk sabis sai ka kwance shi, abin haushi wallahi.

Mai Africa Twin:
Ni abin kare hannu ne ya kusa kashe ni. Na sa mai ƙarfe a ciki, ashe ya ɗan juya yana danne libar birki, tafiya kaɗan na ji babur na nauyi, na taɓa faifan birki sai da ya ƙona min yatsa. Bayan ka ɗaura ka karya kan hagu da dama har ƙarshe ka ga bai taɓa tanki ko gilashi ba. Ragar lagireto kuma tana tare dutse amma taɓo na maƙalewa a bayanta, sai ka ga zafi na hawa.

Ɗan GS:
Ka ɗiga wa notocin Loctite 243, gam ɗin da ke hana noti kwancewa, shuɗin, ban da jan, shi sai da wuta yake kwancewa. Bayan fita ta farko ka sake bin notocin da sifana.

Mai Ténéré:
Na sassauta, na sa jak, ya shige da hannu ma. Na gode manya. Saura farantin, kuma na duba, ba shi da ramin juye.