Shawarwari ga mai son rubutu kan Balamber, sarkin Hunawa

Ga abin da ya fito daga tattaunawar da aka yi kan yadda ɗalibi zai tunkari tarihin Balamber, wanda ake cewa shi ya jagoranci Hunawa (makiyaya mahaya dawaki da suka shigo Turai daga gabas) suka afka wa Gotawa (wata al'ummar Turai ta zamanin Daular Rum) wajen shekarun 370 Miladiyya.

Shawarar da kowa ya yarda da ita: a fara da sanin mai ba da labarin. Marubucin tarihi Jordanes kaɗai ya ambaci Balamber, a littafinsa Getica na wajen 551, kusan shekara 180 bayan faruwar lamarin. Ammianus Marcellinus, marubucin tarihin Rum wanda ya rayu a zamanin Balamber kuma ya rubuta kan zuwan Hunawa, bai ambaci sunan ba. Don haka labarin cewa Balamber ya harbe Vinitharius, sarkin Gotawa, da kibiya sannan ya auri Vadamerca, 'yar gidan sarautarsu, a kawo shi a matsayin ruwayar Jordanes.

A kan sunan ne aka fi jan magana. Wasu sun kawo ra'ayin masanin tarihi Peter Heather, cewa Balamber shi ne Valamer, sarkin Gotawa na ƙarni na 5, aka rikita shi wajen kwafowa daga Girkanci, inda harafin B ke ba da sautin V. Ni ma na fi karkata nan. Masu neman tushen sunan a Turkanci kuwa an ja musu kunne: kamannin sauti ba hujja ba ne, domin sunayen Hunawa sun iso mana ne ta alƙalamin Girkawa da Romawa.

Wanda ke son rubutu kan sarkin Hunawa da ba a jayayya kan wanzuwarsa, ya ɗauki Uldin, wanda ya kashe Gainas, wani kwamandan yaƙi ɗan Gotawa, a shekarar 400.