Abin da aka ce a Aboabo kan tafiya Ikogosi

Bayan la'asar hira ta ɓarke a wani dandali na Aboabo, nan Kumasi, kan ruwan ɗumin Ikogosi da ke jihar Ekiti a Najeriya, inda maɓuɓɓugar ɗumi da ta sanyi ke fitowa daga cikin tsauni mai kurmi su haɗu wuri guda. Waɗanda suka taɓa zuwa sun ce kana iya tsoma ƙafa ɗaya a ɗumi, ɗaya a sanyi.

An fi daɗewa ana magana kan hanya, don ita ce wahalar. Daga Akra sai Aflao, Lome, Kwatano, Seme, Legas, sannan Ado-Ekiti. Iyaka uku ke nan, saboda haka fasfo da katin rigakafin shawara su zauna a aljihun gaba. A canza sidi zuwa naira tun da wuri, a riƙe ƙananan kuɗi.

Wani Alhaji ya dage a je da rani, da damina duwatsun santsi gare su. Ni ma ra'ayina ke nan, kuma silifas ba takalmin hawa ba ne. Hajiyoyi suka ce mace ta tafi da zani na biyu da doguwar riga, a kuma yi sammako kafin jama'a su cika. Mai hawan jini kada ya daɗe cikin ruwan, yara kuma a riƙe hannunsu.

Wasu sun fi son maɓuɓɓugar Wikki ta gandun dajin Yankari a Bauchi, mai ɗumin digiri 31. Can dai a ɓoye abinci, birai ba su da kunya.