Fitilun LED suna saurin mutuwa a ɗaki da cikin mota, ina matsalar take?

Direban Makka–Jidda:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masu sanin harkar wuta a kan abu biyu. Gidan da muke haya a Makka tsohon gini ne, kuma muna hawa na ƙarshe. Majalisin mita 4 ne a mita 6, silin ɗin jibs, an huda an sa ƙananan fitilun LED guda shida masu wat 7. Ba sa kai shekara, sai su fara ƙiftawa su mutu ɗaya bayan ɗaya. Idan an kashe makunni da dare ma ba sa mutuwa gaba ɗaya, sai ka ga suna haske dishi-dishi. Ina kuma son in zagaye bakin silin ɗin da igiyar LED.

Na biyu, Hiace ɗin da nake ɗaukar fasinja. An liƙa mini igiyar LED mita biyu-biyu a gefe da gefe saboda masu zama baya. Yanzu rabinta ta dushe, gam ɗin ya saki, kuma idan motar ta kwana biyu ba a tayar ba sai batir ya yi sanyi. Kayan ne marasa kyau ko aikin ne ba a yi daidai ba?

Mai Wayarin Gini:

Wa alaikumus salam Malam direba. Bari in ɗauki ɓangaren gida, na mota akwai masu shi.

Abin da ke kashe fitilunka zafi ne, kuma yawanci ba ƙwayar hasken ce ke mutuwa ba. A bayan kowace fitila akwai ɗan akwati da ke juya wutar gida zuwa wadda LED ke ci. Cikinsa akwai kafasita mai ruwa, kuma ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba rayuwarta biyu. To kai kana hawan ƙarshe, rana ta wuni tana dukan kankaren rufi a garin da zafi ke haura digiri 45 da bazara, akwatin kuma yana rufe tsakanin kankare da jibs inda sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ba ya kaiwa. Ƙiftawar nan da kake gani alamar kafasita ce ta bushe. Kafin ka jefar da fitila, ciro akwatin ka karanta abin da aka rubuta a jikinsa, misali 300mA da iyakar ƙarfin da yake fitarwa, ka sayo irinsa sak ka gwada. Sau da yawa fitilar za ta tashi. Idan za ka sake sababbi, ɗauki masu bayan alminiyom mai tsaga-tsaga, ka bar na roba zalla, kuma kada a ɗora akwatin a kan bayan fitilar, a ajiye shi gefe a kan jibs.

Hasken da ke saura bayan an kashe makunni ya fi damuna, domin akwai batun tsaro a ciki. Tsofaffin gine-gine da yawa a Makka da Jidda har yanzu suna kan tsohon tsari na 127V da 220V, duk da cewa tun 2010 aka yanke shawarar komawa 230V. A tsohon tsarin, 220V ɗin ana samun ta ne tsakanin layuka biyu masu wuta, babu nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta. Makunni na yau da kullum waya ɗaya yake yankewa, ɗayar tana nan da wutarta har cikin fitila. Tsohon ƙwai mai zare bai damu da 'yar wutar da ke zurarewa ba, amma LED abu kaɗan ya ishe ta ta yi haske. Maganinsa makunni mai yanke waya biyu lokaci guda. Idan kuwa layin yana da nutural, to ko dai an yi kuskure an sa makunnin a kan nutural ɗin, ko makunnin mai 'yar fitilar nuni ne, ita ce ke barin wuta ta wuce. Ko wanne ne, don Allah kada ka taɓa wayar fitilar don kawai ka kashe makunnin bango. Sauke bireka tukuna, ka gwada da mita. A auna layin kuma a san ko 127V ne ko 220V: fitilar da aka rubuta wa 220–240V idan ta hau 127V ko ta yi rauni ko ta dinga ƙiftawa. Wadda aka rubuta wa 100–240V tana ɗaukar duka biyun.

Yawan haske kuma, daina kallon wat, dubi lumen. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da kusan lumen 800, LED mai wat 8 zuwa 10 tana ba da daidai wannan. Majalisinka murabba'in mita 24 ne. Wurin zama yana son kamar lumen 150 a kowane murabba'i, ka ga 3,600 ke nan. Ƙara kashi ɗaya cikin uku saboda labule da darduma masu duhu suna shanye haske, sai ka kusa 5,000. Fitila mai wat 7 tana ba da wajen lumen 600, shida sun yi kaɗan, takwas ne daidai, sai dai in igiyar za ta cike giɓin.

Igiyar: zagayen ɗakin mita 20 ne. Ɗauki mai 24V, ka bar mai 12V, domin ita bayan mita 5 wuta na raguwa, farkonta ya yi ƙal ƙarshenta ya yi ja-ja. Mai 24V tana kai wajen mita 10. Idan mai wat 9.6 a mita ce, jimla wat 192 ke nan. Kada tiransifoma, wadda ke sauke wutar gida zuwa 24V ɗin, ta yi aiki a iyakar ƙarfinta, a bar mata rarar kashi 20 cikin ɗari ko fiye. Ni da na ce a raba ɗakin biyu, kowane mita 10 da tasa tiransifoma mai wat 150, da waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5. A shimfiɗa igiyar cikin kwaroron alminiyom don ya janye zafi, a yanka ta kawai inda aka yi alamar almakashi. Tiransifomomin kuma a bar musu 'yar ƙofa a jibs ɗin, ko a sa su a bango inda iska ke wucewa. Wanda ya rufe su ruf sai ya fasa silin ranar da suka lalace.

Ustan Sana'iyya:

Sannu da ƙoƙari Malam mai wayarin. Alhaji direba, matsalar motarka uku ce, kuma kowacce da dalilinta.

Igiyar da aka rubuta wa 12V ana nufin 12V tsayayya. Mota ba ta ba da haka. Batir mai lafiya a kashe yana kan 12.6V, da an tayar da inji dinamo ya kai shi 13.8 zuwa 14.4V. Za ka ce ai bambancin kaɗan ne. Duba yadda aka haɗa igiyar: ƙwayoyi uku-uku ne a jere da ɗan resisto guda. Ƙwayoyin uku suna cin wajen 9V da ɗoriya, abin da ya rage resiston ke riƙewa. A 12V ragowar ba ta kai 3V ba, a 14.4V ta kai 5V. Wutar da ke ratsa ƙwayoyin ta kusa ninkawa ke nan, a cikin motar da idan ta tsaya a rana zafin cikinta kan kai digiri 60 zuwa 70. Shi ya sa suka dushe uku-uku. Sa ɗan na'urar daidaita wuta tsakanin mota da igiyar, irin wanda ke karɓar 9 zuwa 36V ya fitar da 12V cif. Shi ɗin dai zai yi wa masu Coaster ta dizal, wadda yawanci 24V ce. Igiyar 12V kai tsaye a kan 24V nan take take ƙonewa.

Batir kuma, kusan tabbas daga layin da ba ya mutuwa aka jawo maka wuta. Mita 4 na igiya mai wat 4.8 a mita wat 19 ne, wajen amfiya 1.6. In an manta da ita a kunne awa goma, amfiya-awa 16 sun tafi daga batirin da bai wuce 70 ba. Idan mai rimot ce, akwatinta yana ci gaba da lasar wuta ko fitilar na kashe. Ga yadda ake yi. A akwatin fiyus nemo layin da ba ya kawo wuta sai an murɗa makulli, ka tabbatar da fitilar gwaji, sannan ka cire kan batir na negetif. Sa abin nan mai ramin fiyus biyu, tsohon fiyus ya koma raminsa, sabon layin a ba shi fiyus mai amfiya 3. Waya mai kaurin 0.75 ta isa. Negetif a ɗaure shi da noti a jikin ƙarfen mota inda aka kankare fenti. Kada a fere waya a murɗa a naɗe da tef, girgiza da zafi za su kwance shi. A yi dalma ko a matse da kan haɗi, a rufe da robar nan mai tsukewa da wuta. Inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. Duk waya ko soket mai launin rawaya na jakar iska ne, kada a kusance shi, kuma idan motar tana da jakar iska ta gefen rufi kada waya ta gitta gabanta.

Gam ɗin bayan igiya ba ya jure zafin ƙasar nan. Goge wurin da sifirit ya bushe, ka sa kwaroron alminiyom siriri mai murfi fari, ka kama shi da ƙananan sukurori ko maƙalai. Murfin yana kuma hana ƙwayoyin soke wa fasinja ido.

Direban Makka–Jidda:

Allah ya saka da alheri, na fahimta. Saura biyu: wane launi zan ɗauka a gida da mota? Sannan ƙwan rufin motar na asali, na saya na LED na sa bai kama ba.

Ustan Sana'iyya:

Ciro shi ka juya shi kai da gindi ka mayar. LED tana da fositif da negetif, tsohon ƙwai ne bai damu ba. Ka kuma auna tsawon tsohon kafin ka saya, domin mai kai biyun nan akwai milimita 31, 36, 39 da 41; Toyota ta fi amfani da 31. Ƙananan da ake cusawa su ne T10. Idan ya kama amma yana ɗan haske bayan an rufe ƙofa, kwamfutar motar ce ke rage wutar a hankali ko take barin 'yar kaɗan. Nemi wanda aka rubuta wa CANbus, yana da resisto a ciki. Sai dai ka sani resiston nan zafi yake yi, don haka kada ka ɗauki mai ƙwayoyi barkatai ka cusa a ƙaramin gida na roba.

Launi a mota: fari mai ɗumi ko matsakaici, 3000K zuwa 4000K. Ka guji ja da shuɗi da mai walƙiya da za a hango daga waje, launukan motocin 'yan sanda da na agaji ne, za su haɗa ka da jami'an murur, wato masu kula da zirga-zirgar motoci. Mafi muhimmanci, hasken kada ya faɗo kan gilashin gaba. Hanyar Makka zuwa Jidda da dare, fitila mai ƙarfi a bayanka tana mayar da gilashin madubi, ta rage maka ganin titi. Fara igiyar daga bayan kujerar direba, ta fuskanci ƙasa, makunninta kuma ya kasance kusa da hannunka.

Maman Hanan:

Yaya direba, launin gida kada a yi masa kuɗin goro. Lambar da ke ƙarewa da K a jikin kwali ita ce launin: 3000K ruwan ƙwai-ƙwai ne mai kwantar da ido, 4000K fari ne matsakaici, 6500K fari fat mai ɗan shuɗi. Mutanenmu sun fi ɗaukar 6500K don a ido kamar ya fi haske, alhali lumen ɗin kusan ɗaya ne. Ɗakin kwana 3000K, majalisi 3000K ko 4000K, kicin da inda yara ke karatu 4000K. Fitilun silin da igiyar da za ka zagaya su zama lamba ɗaya, in ba haka ba jibs ɗin zai fito kala biyu.

Akwai wata lamba da ba a cika dubawa ba, CRI ko Ra. Ita ke nuna yadda fitila ke fito da ainihin launin abu. 80 ta isa zaure da baranda. Inda ake girki, ɗinki ko lalle a nemi 90. Ƙarƙashin mai ƙaramar lamba, zare baƙi da shuɗi mai duhu sai su zama ɗaya a ido, nama ja ya yi kamar ya kwana. A kicin fitilar tsakiyar silin kaɗai ba ta isa, domin mai aiki tana ba ta baya, inuwarta ta rufe abin da take yankawa. Mita ɗaya ko biyu na igiya a ƙasan kabad na sama yana gyara wannan. Banɗaki kuma a sa mai lambar kariya daga ruwa IP44 ko sama saboda tururi.

A shago a duba takardar ingancin makamashi ta SASO, hukumar ingancin kaya ta Saudiyya, a jikin kwali, a ga an rubuta lumen da K da wat a fili. Kwalin da ba shi da komai sai babban wat, a ajiye shi. A kuma sa mai shago ya kunna, a buɗe kyamarar waya a ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya: in layuka baƙaƙe suna gudu a hoton, fitilar tana ƙiftawa da saurin da ido ba ya kamawa, kuma wasu tana sa su ciwon kai.

Mai Wayarin Gini:

Gaskiya ne Hajiya. In ƙara abu ɗaya, tunda majalisi ne wataƙila ka so na'urar rage haske. Tsohuwar da aka yi don ƙwai mai zare ba ta jituwa da LED, sai ƙara da ƙiftawa. Dole fitilar ta zama an rubuta tana karɓar ragi, na'urar ma ta LED ce. Ita igiyar ana rage ta ne a ɓangaren 24V, bayan tiransifoma, da na'urar da ta fi amfiyar layin ƙarfi. Mita 10 ɗinka amfiya 4 ne, ɗauki mai 6 ko 8.

Kuɗin wuta kuma: ƙwai goma masu wat 60, awa shida a rana, kilowat-awa 108 ne a wata. LED goma masu wat 9 kuwa 16 da ɗan kai. A farashin gidaje na halala 18 kowane kilowat-awa (halala 100 ce riyal ɗaya), bambancin ya haura riyal 16 kafin haraji, ban da sauƙin da mukayyif zai samu. Amma makunni mai yanke waya biyun nan shi za ka fara yi, kuma tunda haya kake, sanar da mai gidan kafin a buɗe bango.