Zaɓen sabbin 'yan wasa na NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, na 2023: Carlsson ko Fantilli, wa ya cancanci zama na biyu?

Aminu:
Assalamu alaikum jama'a. Maganar Connor Bedard babu gardama, Chicago ta ɗauke shi na ɗaya. A kan na biyu nake tambaya. Adam Fantilli ya tara maki (wato ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci) 65 a wasa 36 a jami'ar Michigan, Leo Carlsson kuwa maki 25 a wasa 44 a ƙungiyar Örebro ta Suwidin, amma Anaheim ta ɗauki Carlsson ta bar wa Columbus Fantilli. Da wane ma'auni ake jera yaran nan?

Malam Sani:
Wa'alaikumussalam. Ba a ɗora makin gasa biyu a sikeli ɗaya, Aminu. Carlsson da magidanta ƙwararru ya kara a babbar gasar Suwidin, inda ƙwallo ke wuyar shiga raga, kuma koci ba ya sakar wa yaro mintuna da yawa a kan ƙanƙara. Kafin ka yarda da maki, ware waɗanda ya samu kowane ɓangare yana da 'yan wasa biyar ban da mai tsaron raga daga waɗanda ya samu an fitar da abokin hamayya na minti 2, domin na biyun suna kumbura lissafi. Sannan ka duba su wa ake haɗa shi da su a layin gaba. Yaron da aka haɗa da gwanin ci yakan tara taimako na biyu (miƙa wa wanda ya miƙa wa mai ci) ba tare da ya ƙirƙiri komai ba.

Hadiza:
Gaskiya ne Malam, amma kada a rage wa Fantilli. Gasar jami'o'in Amurka akwai 'yan shekara 23 da 24 a cikinta, kuma ya ci kyautar Hobey Baker, ta gwarzon ɗan wasan gasar, a shekararsa ta farko. Kafin shi Paul Kariya da Jack Eichel kaɗai suka yi haka. Ga batun fili kuma: faɗin na NHL kusan mita 26 ne, na Suwidin mita 30. A ƙaramin fili ana rufe ɗan wasa da wuri, ba ya samun lokacin ɗaga kai ya duba. Fantilli ya saba da wannan matsin, kuma ya fi Carlsson saurin tashi daga tsaye. Ni shi zan sa na biyu.

Usman:
Ku duba watan haihuwa ma. Sharaɗin shi ne yaro ya cika 18 zuwa 15 ga Satumba. An haifi Fantilli a Oktoban 2004, Carlsson a Disamba, Bedard kuwa sai Yulin 2005. Wata tara a wannan shekarun ba wasa ba ne, shi ya sa maki 143 na Bedard a wasa 57 a ƙungiyar matasa ta Regina a Kanada suka ƙara nauyi.

Kuma jerin zaɓe ba lallai ya nuna jerin iyawa ba. Matvei Michkov ya sauko na bakwai ne musamman saboda kwantiraginsa da ƙungiyar SKA ta Rasha har 2026, sai ga shi a Philadelphia tun 2024. Tsakanin Fantilli da Carlsson kuwa, Carlsson nake fifitawa, Hadiza. Ana gyara gudu da atisaye, amma ganin inda za a miƙa ƙwallo kafin wuri ya buɗe yana da wuyar koyarwa.