Hannun injin feshi: in ɗauki na alminiyam ko na baƙin ƙarfe?

Mai tambaya:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ƙungiyarmu ta manoma a yankin Madarunfa na da injin feshi mai tankin lita 600 da ake ratayawa bayan tarakta. Hannun da bakunan feshi ke jere a kai, mai tsawon mita 12, tsatsa ta cinye shi. Wake, gyaɗa da aya muke fesawa, gonakin jigawa ne, akwai gawo da kalgo a ciki. Mu sayi na alminiyam, ko mu sa a ƙera mana na ƙarfe? Muna so mu gama kafin ruwa ya sauka.

Mai walda, Maradi:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin ka dubi nauyi, dubi wanda zai gyara maka in ya karye ana tsakiyar aiki. Ƙarfe, duk mai walda na bakin hanya zai kama maka shi da sandar walda ta yau da kullum. Alminiyam kuwa sai injin walda na musamman da ake kira TIG ko MIG, da tukunyar iskar argon, kuma sai hannun da ya saba. Dalili: shi yana narkewa a wajen digiri 660, amma ɓawon da ke rufe da shi sai ya haura 2,000. Ba ya kuma yin ja ya gargaɗe ka kamar ƙarfe. Kana kallo sai wurin ya zube ya bar rami. Ko waldar ta yi kyau, irin alminiyam ɗin da ake yin wannan aiki da shi, kamar mai lamba 6061 ko 6082, yakan rasa kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin ƙarfinsa a gefen da wuta ta taɓa. Shi ya sa yake sake tsagewa daf da inda aka gyara.

Ma'aikacin gona:
Gaskiya ne, amma kada a rage wa alminiyam haƙƙinsa. Bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, milimita 40 da 40, kauri 2, kowace mita kilo 2.4 ce. Na alminiyam mai kauri 3 kilo 1.2 ne. Rabi ke nan, ba kashi ɗaya cikin uku da masu sayarwa ke faɗi ba, domin alminiyam ya fi saurin lanƙwasawa, dole a ƙara masa kauri. Wannan sauƙin yana da tasiri sosai a hannu mai mita 24 ko fiye, inda nauyin ƙarshe ke jijjiga injin duka. A mita 12 kuwa, ruwan tankinka kaɗai kilo 600 ne. Abin da za ka rage bai kai ya hana taya nutsewa a rairayi ba.

Mai gyaran tarakta:
Alhaji, itatuwan nan da ka ambata su ne alƙalin maganar. Tun da sassaben zamani, wato barin itatuwa su sake tohowa a gona, ya kankama a jihar Maradi, da wuya ka ratsa gona ba ka gamu da gawo ko kututturen sabara ba, kuma hannu zai bugu, komai kulawar direba. Ƙarfe in ya bugu lanƙwasawa yake yi, a gasa shi a miƙe. Alminiyam in ka ce za ka miƙe shi, tsagewa yake. Ga kuma girgizar kunya-kunya: a hankali take gajiyar da shi, sai ka ga siririn baƙin layi kamar gashi a gindin walda, kusa da gaɓar naɗewa.

Ni dai shawarata ƙarfe, a ƙera shi gaɓa biyar: tsakiya mita 2, na ciki biyu mita 3.5 kowane, na ƙarshe biyu mita 1.5. Na ƙarshen nan a ɗaure su da sifirin, yadda in sun taɓa itace za su kauce baya su dawo da kansu. A yi ƙirar kamar tsani mai tokare a karkace, kada a bar bututu guda tilo. Tsakiyar kuma ta rataya tana lilo, kada a manne ta ƙam da jikin injin, in ba haka ba duk ramin da taya ta faɗa sai ƙarshen hannu ya nushi ƙasa. In kana son sauƙi, gaɓoɓin ƙarshe kaɗai za a iya yi da alminiyam, a haɗa da noti ba walda ba, a sa roba tsakaninsu da ƙarfen. In suka haɗu kai tsaye ga danshi, alminiyam ɗin ne ke cinyewa ya zama farin gari.

Mai sayar da magungunan gona:
Ina ƙara magana kan tsatsa. Maganin ya bi ta tiyon roba, kada ya taɓa bi ta cikin bututun hannu. Gilifosat, wato maganin ciyawa, ba a barinsa cikin ƙarfe tsirara ko mai rufin zinki, domin yana haifar da iska mai kama wuta. Magunguna masu tagulla suna cin alminiyam, ruwan takin ure kuma yana cin ƙarfe. Goge ƙarfen har ya yi haske, shafa fentin hana tsatsa sau biyu, sannan fentin mai. A huda ramin milimita 6 ƙarƙashin kowane bututu don ruwa ya tsiyaye, tunda daga ciki ruɓewar ke farawa. A wanke da ruwa bayan kowane feshi, musamman kafin a kai wa mai walda. Hayaƙin ragowar magani guba ne ga huhunsa.

Ma'aikacin gona:
Malam mai ƙira ya kiyaye tazara: santimita 50 tsakanin baki da baki, bakuna 24 ke nan. Bakunan da feshinsu ke buɗewa da kusurwar digiri 110 su tsaya santimita 50 sama da ganye. Shuɗin baki mai lamba 03 yana fitar da kusan lita 1.2 a minti a matsin bar 3 (bar ma'aunin matsi ne); in tarakta na tafiyar kilomita 6 a awa, lita 240 ke zuba a hekta, tankinka ya ci hekta biyu da rabi. Bayan ƙira a buɗe hannun a shimfiɗaɗɗen fili, a ja igiya daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Inda ya sunkuya a gyara tun a gareji, domin bakin da ya yi ƙasa zai jiƙe layi guda ya bar na kusa da shi ga tsutsar wake.