Wace kyautar Kirsimeti zan iya haɗawa da ƙananan yara a gida?

Maman Tagwaye, Jos: Salama gare ku, 'yan uwa. Tagwayena shekarunsu 5, kuma ina so su haɗa wa kakarsu kyautar Kirsimeti da hannunsu kafin 25 ga Disamba, amma ina tsoron ba su allura. Wane aiki ne ya dace da shekarunsu?

Tela daga Kafanchan: Maman Tagwaye, ki roƙi telanki ya tara miki ƙyallayen atamfa da suka rage, domin a wannan lokaci suna cika shago har a rasa inda za a zuba su. Ki yanka biyu daidai da juna, ki huda gefensu, sannan ki ba yaran allurar roba da zaren ulu su riƙa zurawa a ramukan, ki bar gefe ɗaya a buɗe. Ƙaramar jaka ke nan da kaka za ta ajiye kuɗin baiko. Ɗinkin zai karkace, amma kada ki gyara shi.

Malamar Makarantar Lahadi: 'Yar uwa, idan ɗinkin ya gajiyar da su, ki dama fulawa da ruwa ki ɗan dafa ta zama gam, su manna ƙyallayen a kan kwali ya zama katin gaisuwa. Iskar hunturu tana busar da shi cikin sauri. Sai dai ki guji ƙananan duwatsun ado, domin bara ɗana ya cusa ɗaya a hanci, muka wuni a asibiti.

Maman Tagwaye, Jos: Na gode ƙwarai. Gobe zan leƙa wurin tela.